Iska a Cikin Tiyo

A Oulu rana ta yi rowa,
ƙarfe uku na yamma duhu ya sauka,
taga ta daskare har gindinta,
amma allon kwamfutata ya ce:
casa'in da shida.

Casa'in da shida!
A garin da numfashi ke zama hayaƙi
abu ɗaya ke zazzaɓi, kuma nawa ne.
Zanen gadar da zan miƙa Litinin
ya tsaya a tsakiyar kogi,
fanka uku na ihu kamar jirgi zai tashi,
furosesa na jan ƙafa don kar ta ƙone.

Na cire murfin gefe.
Na hure ƙurar lagireto, ba ta cika cokali ba.
Na kwance noti huɗu,
na kankare tsohon mai
da ya bushe kamar ƙanzo a gindin tukunya,
na ɗiga sabo, ƙwayar wake guda,
na ɗaure a giciye, kusurwa da kusurwa.
Casa'in da huɗu.
Digiri biyu, ladan wahalar awa biyu.

Na taɓa tiyo.
Ɗaya zafi kamar kofin gahawa,
ɗaya sanyi kamar mariƙin ƙofar waje.
Ruwan na nan, bai ɗiga ko'ina ba,
tafiya ce ya ƙi.
Allo kuwa ya rantse famfo na juyawa,
dubu biyu da ɗari takwas a minti.
To, juyin me, in ba a kai ko'ina ba?

Sai ga takun silifa a bayana.
Babana, Oiva, tamanin da ɗaya,
wanda ya yi shekara arba'in a ƙarƙashin benaye
yana lallashin bututun ɗumama gidaje.
Yanzu yakan sa mabuɗi a firij,
yakan kira ni Hilkka,
sunan uwata da ke kwance a Intiö.

Bai dubi allo ba, lamba ba yarensa ba ce.
Ya durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara,
ya manna kunne a jikin ƙarfe,
ya ɗaga min yatsa: shiru.

Na yi shiru. Sai na ji,
can ƙarƙashin ihun fanka,
wani ɗan kurɓe-kurɓe,
kamar mai zuƙar ƙarshen lemo da tsinke.

Ya ce: iska ce.
Ruwa ƙasa yake nema, iska sama.
Wa ke sama a gidan nan?

Famfo ne.
Ni na mayar da lagireto ƙasa da kaka,
don akwatin ya yi kyau ta gilashi.
Wata uku kumfa na hawa, ɗaya bayan ɗaya,
suna taruwa a inda bai kamata ba,
famfo na dukan iska yana cewa aiki yake.

Muka kama akwatin, shi can, ni nan,
hannunsa na rawa, nawa na gumi,
muka karkata shi a hankali
kamar ana juya majinyaci a gado.
Ƙulul. Ƙulul-ƙulul.
Tiyo ya yi gyatsa.

Tamanin da uku.
Saba'in.
Hamsin da takwas,
fanka suka sauke murya ɗaya-ɗaya
har na ji agogon kicin.

Ya goge tafi a wando, ya ce:
Sanelma, gobe ki mayar da shi sama.
Sanelma.
Rabon da in ji sunana a bakinsa
tun kafin kogi ya daskare.

Da safe na ɗaura lagireto a rufin akwatin,
noti takwas, ɗaya ya faɗa bayan tebur.
Ya tsaya a ƙofa da kofinsa,
ya tambaye ni injin wane ne wannan,
kuma ko mai gidan ya biya mu.