Ɗalibi Mai Furfura

Takardar ta zo ranar Talata.
Asabe mai rajista ta ajiye ta kusa da tiren filaya,
ta fita da sauri, ta san halina.
Lasisi zai ƙare a ƙarshen shekara,
ba sabuntawa sai an cika maki.

Maki? Ni?
Shekara ashirin da bakwai ina leƙa bakin mutanen Jos,
daga Gangare har Unguwar Rogo
na san turmin kowa da fiƙarsa,
na san wanda goro ya rina, da wanda rake ya karya.
Na taɓa cire haƙori da hasken tocila
ran da wuta ta ɗauke, janareta ya yi gardama.
Yau a ce in koma benci
a buga mini hatimi kamar ɗan firamare?

Amma tilas ba ta rasa ɗakin kwana.
Asabar da sassafe na ɗau hanyar Lamingo,
sanyi yana cizon kunne, suwaita biyu a jikina.
Na zauna can baya, kusa da ƙofa,
inda mutum zai sa hannu ya sulale.

Sai ga mai koyarwa ta hau dandamali:
Kangyang!
Yarinyar da na koya wa riƙe sirinji,
hannunta na rawa kamar mazari,
har na ce mata ta je ta sha ruwa ta dawo.
Yau ita ce da alli, ni ne da littafi.

Ta haska hoton wani haƙorin gaba a bango,
ya tsage, jijiyarsa ta mutu, dasashi ya kumbura.
Ta ce, "Irin wannan, da can cirewa ake yi.
Yanzu ga yadda ake ceto shi."
Ta bi shi daki-daki, ba gaggawa.
Ni kuwa ban ƙara ganin bangon ba,
Tanimu nake gani, mai gyaran agogo a Taminus.
Irin haƙorinsa ke nan, sak.
Ni na cire shi, cikin minti goma, har ya yi mini godiya.
Tun ranar yake dariya da tafi a kan baki,
in ya ce "sannu" sai iska ta riga kalmar fita.

Ban sulale ba.
Da aka raba mu rukuni, aka ba ni kan roba mai buɗaɗɗen baki,
na sunkuya, tabarau na zamewa.
Ta tsaya a bayana, ta ɗan yi shiru,
sannan ta ce, "Baba, sassauta wuyan hannun kaɗan."
Kalmar da na gaya mata ce, ta adana ta duk shekarun nan
ta maido mini ba ko ƙura.
Na sassauta.
Na yi tambaya har uku, yara suna juyowa suna kallo.

Da yamma na bi ta Taminus da shedar a aljihu.
Tanimu na duƙe kan agogon da ba ya da zuciya sai batir.
Ya ce wani yaro ne daga Bukuru ya nuna masa kansa,
wata biyu yana zuwa koyo, yana biyan kuɗin mota.
Ya yi dariya, tafin ya tashi zuwa baki.
Na so in ce wani abu.
Na ce ya zo ranar Laraba in duba giɓin nan, kyauta.

Litinin Asabe ta ƙirga, ta ce saura maki shida.
Na ce ta bincika mini inda za a yi na gaba,
kuma ta sayo sabon littafi, mai kauri,
wancan ya cika.