Gwiwa da Yatsa

Kawuna Yila yana da ciwo biyu,
kowanne da ubangidansa.
Gwiwar hagu ta tamaula ce,
wani mai tsaron baya daga Azare ya buga mata hatimi.
Ƙaramin yatsan dama, wanda ya lanƙwashe kamar lauje,
na kurket ne.
Jar ƙwallo mai taurin goriba
ta shigo masa ba sallama.

Da yamma a Tumfure nake shafa masa man zafi,
shi kuma ya biya ni da labari.

Asabar, in ji shi, riga mai lamba takwas,
kulob ɗin kamfanin gurzar auduga,
albashi na bin su wata biyu a baya
kamar tsohuwar akuya.
Lahadi in an taso daga coci, sai fararen kaya.
A shimfiɗa doguwar tabarma a filin makaranta,
sanduna uku nan, uku can,
Malam Pillai mai koyar da lissafi shi ne alƙali.
'Yan kallo: balbelu huɗu, mai rake,
da wani jaki da bai taɓa yi wa kowa tafi ba.

"Ranar Asabar hannu ne ɓarawo,
ranar Lahadi ƙafa.
Ka tare ƙwallo da ƙwauri gaban sanduna, an sallame ka.
Kwana nake ina yi wa gaɓoɓina wa'azi
kowa ya san ranarsa."

Wata Asabar wa'azin bai shiga ba.
Saura minti biyu, aka bugo kwana,
kai ya tashi bai kai ba,
yatsa ya ƙarasa aikin.
Alƙali yana bayan wani dogo, bai gani ba.
Aka ɗauki Kawu a kafaɗa har bakin tasha,
mai shayi ya yafe masa bashin mako uku,
manaja ya ba shi rediyo.

Washegari yana da maki arba'in da tara,
saura ɗaya ya cika hamsin, abin da bai taɓa yi ba.
Ƙwallo ta shafi gefen katakonsa,
shafar da ko kunnen sauro ba zai kama ba,
ta faɗa hannun na baya.
Malam Pillai ya girgiza kai: ba komai.
Kawu ya saɓa katako a hammata,
ya taka da kansa zuwa gindin maina.
Ba wanda ya ce sannu.
Mai rake ma yana ba da canji.

Na ce, "Kawu, don me?"
Ya ce, "A can mutum dubu biyar ne suka taya ni ƙarya.
A nan ni kaɗai ne, ta yi mini nauyi."

Rediyon yana nan kan kabad,
ba batir, ba murfi, gizo-gizo ya kama haya.
Katakon kuwa Inna ke tokare ƙofar kaji da shi.

Ya miƙo mini yatsan.
"Bayan wata guda aka karya shi.
Asabar ta ci bashi, Lahadi ta zo karɓa."
Na ce, "Gwiwar fa, me ta ci?"
Ya yi dariya har da tari.
"Ita kam zalunci aka yi mata.
Matsa ƙasa kaɗan. Yauwa, nan."