Motar Marigayi Desmond

A Fremantle na same ta, a gareji mai warin gishirin teku,
an lulluɓe ta da tsohon bargo kamar mai zazzaɓi.
Ruwan ɗorawa, kujera biyu rak,
gajeriya, sai ka durƙusa kafin ta karɓe ka.
Odette Kerslake ta miƙo makulli, ko kuɗin ba ta ƙirga ba.
Ta ce, "Giya ta biyu akwai gardama, sai da lallami.
Haka shi ma Desmond yake da safe."
Ta shige gida tun ban tada inji ba.

Shekara talatin da ɗaya ina jan bas ɗin makaranta a Bendigo,
ban taɓa haura tamanin ba,
ido ɗaya a kwalta, ɗaya a madubi,
ina ƙirga kawunan 'ya'yan mutane.
Yau na ɗaga kai na duba madubi,
babu kowa.
Sai hanya, tana warwarewa a bayana kamar zare.

Bayan Norseman itatuwa suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya,
ƙasa ta shimfiɗe, ta ƙi tudu, ta ƙi kwari.
Akwai inda kwalta ta miƙe sambal,
kilomita ɗari da arba'in da shida babu kwana.
Nan ƙafata ta yi abin da ta daɗe tana mafarki.
Injin ya yi gyaran murya, ya ɗaga, ya ɗaga,
allura ta haye inda ban taɓa kai ta ba,
na ji ina ihu, ni, mai furfura har a gira,
ina ihu babu mai ji sai hankaka.

Alhakin gudu bai kwana ba.
Kafin Cocklebiddy tururi ya turnuƙe gilashi,
robar lagireto ta fashe, na gangara gefe.
Awa uku, ni da ƙudaje da rana.
Don kashe lokaci na buɗe aljihun gaban mota,
na tarar da ɗan littafi, bangonsa duk baƙin mai.
Rubutun Desmond: ranar juye, ranar sauya taya,
kwanan wata bayan kwanan wata, shekara goma sha tara.
Can ƙarshe hannun ya fara rawa,
baƙaƙen suna jingina da juna kamar masu maye.
Layin ƙarshe ba lissafi ba ne:
"Odette ta ce in rage gudu. Na ce to."

Wata mai tirela ce ta tsaya, Noelene,
damtsenta ya fi cinyata.
Ta ɗaure robar da waya, ta ɗura ruwa daga jarkarta,
ta dubi motar, ta dube ni, ta ce,
"Kar ka yi tafiyar magariba, kangaru ba ya duba hanya."
Na ce to.

Eucla, Ceduna, Port Augusta.
Bayana ya ƙage, gwiwata ta yi tsami,
rufin yana yoyo daidai kafaɗata ta dama,
rediyo tasha ɗaya yake kamawa, ita ma farashin tumaki.
Amma giya ta biyu ta daina musu da ni,
ko kuwa ni ne na koyi gaishe ta.

Kwana na shida, da hantsi, na karyo kwanar layinmu.
Glenys ta fito da safar hannun lambu,
ta zagaya motar sau biyu, ta ƙwanƙwasa but,
ta ce, "To ina za mu sa cefane?"
Ban amsa ba. Ina neman biro.
Ƙarƙashin layin Desmond na rubuta kwanan wata,
na sa: robar lagireto, a sauya.

Da na ɗago, ta riga ta cire safar,
tafin hannunta a buɗe,
tana jiran makulli.