Mai Littafi a Madatsar Maga

Ni ne mai littafi a bakin madatsar Maga.
Kwandon ƙasa ashirin, in ja layi ɗaya,
layi biyar, kwano uku na dawa.
Haka aka karanta mana ran Litinin
a gindin tsamiyar ofis, aka yi tafi.

Fanne ta cika layinta tun Laraba.
Gammo ya cinye mata gashin tsakar ka.
Ta zo da buhun siminti wankakke,
ta ninke shi huɗu a hammata.
Na ce mata sai Juma'a.

Juma'a ta zo hannu rabbana.

An ce dawar tana Marwa,
buhu ɗari huɗu, an jera har rufi.
Mabuɗin sito na aljihun wani
da ya tafi taro Garwa.
Takardar fitarwa na jiran hatimi,
mai hatimi na jiran lissafina,
lissafin kuwa na ba ɗan acaɓa tun makon jiya,
ruwa ya tare shi a Girbidik, tawada ta narke,
Tanimu mai jaki ya koma shuɗin tabo,
shi da kwandunansa tamanin.

Motar fari ta kafe a laka bayan Bogo.
Direba ya sayar da buhu biyu, ya sallami masu turi.
Ban ga laifinsa ba,
ban kuma san shafin da zan sa su ba.
Ta biyu ta wuce mu da dare ta sauke a Pus,
don a takardarsu mu da Pus gari ɗaya ne.

Ofis uku, kowa da jerin sunayensa.
A na farko Haman ya mutu bara,
a na biyu Haman mutum biyu ne,
ga shi nan gabana yana jingina da shebur,
yana tambaya ko ya dawo gobe.

Ruwa dai bai san hatimi ba.
Jiya ya hau taƙi biyu a sandar da na kafa.
Mutane suka ci gaba da ɗiban ƙasa da cikin wofi,
don gonakin shinkafarsu ne a bayan gingin,
ba don layina ba.

Rana ta goma sha ɗaya mota ta iso,
dawa ja, da ƙwari na yawo a bakin ɗinki.
Fanne ta warware buhunta, ta dubi kwanon, ta dube ni:
"A shafe ne, ko da tsororuwa?"
Na juya takarda gaba da baya. Ba su faɗa ba.

Na auna da tsororuwa.

Kafin la'asar na kakkaɓe buhun ƙarshe,
saura mutum goma sha bakwai a tsaye,
Tanimu na cikinsu, jakinsa na lasar tabarmar awo.
Direba ya miƙo biro, injin na ruri,
wuri ɗaya ne tak a takardar,
inda aka rubuta "an raba".