Mai Gyaran Agogo

Shekara talatin a kasuwar 'Yar Kutungu
babana Sallau na buɗe cikin agogo,
yana ɗaukar ƙusa kamar ƙwayar gero
da bakin hantsaki, ko numfashi ba ya yi.

Yanzu hannun nan na dama
kullum kirgen kuɗin da babu yake.
Likita ya ce Fakinsan. Maƙwabta suka ce sammu.
Ni dai na koyi zuba koko rabin kofi,
na cire wa rigunansa maɓallai.

A bakin zaure ƙafarsa kan kafe
kamar an dasa ta.
Sai in ja layi da gawayi a ƙasa:
"Baba, tsallaka."
Ya tsallaka. In ja wani.
Haka muke isa masallacin Rafindadi,
wani lokaci an riga an sallame.

'Yan dubiya kan ja ni gefe:
"Fushi yake da mu?"
Ba fushi ba ne, fuskar ce ta daina kai saƙo.

Jiya da dare na ɗaga masa murya
kan ƙwayar magani da ta gangara ƙarƙashin gado,
maganin da ke cinye rabin albashina.
Na fita na zauna gindin darbejiya
ina jin kunyar kaina.

Da na dawo sai ya kamo hannuna,
ya kai agogona kunnensa,
ya daɗe yana saurare, mu biyu muna rawa.
Muryarsa can ƙasa:
"Sauri yake yi, Abashe.
Ɗauko hantsakin.
Ni kunne, kai hannu."