Kwantacce

Wata ashirin da huɗu ina ɗauke da shi.
Inna Tumba ta dafa marata da tafin hannunta,
tac ce, "Kwantacce na, barci shika yi,
ranar da Allah Ya nufa shi motsa."
Na sha sassaƙe, na sha rubutu, na sha jiƙo mai ɗaci.
Na saƙa 'yar hula da zaren ulu ruwan ƙwai.
Ko suna na raɗa mai, ban faɗa wa kowa ba.

Jini kuwa bai ɗauke ba.
Tulu guda daga bakin rijiya, sai haki.

Ranar Talata munka shiga mota a Achida,
ni da ƙanwata Ige, da kati, da ƙullin kuɗin albasa.
Asibitin birni. Benci. Lamba talatin da ɗaya.
Anka ce in sha ruwa, in riƙe fitsari.

Ɗakin da duhu-duhu, da sanyi irin na randa.
Likita Murjanatu ta matsa mai a cikina,
ta ɗora wani abu kamar ludayi maras baki
tana ja, tana tsayawa, tana ja.
Gilashi ya kawo hadari, toka-toka,
irin wanda ke haɗowa bisa Rima ya ƙi zuba.
Na ware ido ina biɗar kai, ina biɗar 'yan yatsu.

Ta daɗe ba ta ce komai ba.

"Hajo, duba nan. Ga mahaifa.
Wannan dunƙulen, da wannan, da ƙaramin can baya,
ƙari ne. Tsoka ce ta taru.
Ba ya numfashi, bai taɓa yi ba."
Ta auna babban: santimita tara.
Kamar goruba, in ji ta.

Wa ake yi wa ta'aziyyar goruba?
Ige ta riƙe min takalma, ita ma ta rasa ta cewa.

Da wannan hoton anka san inda wuƙa za ta bi,
anka cire uku, anka bar min ɗakin.
Bayan wata shida na koma, ludayin ya sake zagayawa:
fili, shararre, kamar gona bayan girbi.

Inna Tumba har yau cewa take an yi gaggawa.
Ba na musu da ita, ita ta yanke min cibi.

Takardar hoton tana ƙasan adaka,
na naɗe ta cikin 'yar hular.
Jiya na ɗauko tulu biyu ban tsaya hutawa ba.
Sunan yana nan. Ban ba kowa ba.