Farantin Gado na Sha Ɗaya

Ƙarfe ukun dare a Barankiya.
Fanka na jujjuya zafin da kogin Magdalena ya bari,
ni kaɗai a ɗakin gwaji,
da farantai ashirin, da gahawar da ta huce tun ɗazu.

Na ɗaga murfin na sha ɗaya.
Farare ne, ƙanana, sumul,
kamar an yayyafa madara.
Wa zai ce su ne suka kwantar da Eudoro Pertuz,
mutumin da ya shekara arba'in yana jan taru?
Dangin yistin burodi ne fa,
wanda uwata ke jiƙawa da sukari
ta rufe da tsumma ta ce kada mu leƙa.

Shekaranjiya na ajiye musu magani a tsakiya,
'yar takarda kamar ƙwayar ido.
A da sukan ja baya su bar masa fili,
da'ira fes,
in sa rula in auna, in tafi gida in yi barci.
Yau sun matso har jikinsa.
Sun yi gida a bakin dafin, sun hayayyafa.

Iri uku gare mu, uku tak.
Na farkon ya zama ruwan sha.
Na biyun kan taɓa ƙoda kafin ya taɓa ciwon,
majinyaci na karkarwa har gado na amsawa.
Na ukun, mun aika takarda Bogota,
shiru kamar an shuka dusa.

Ƙugu kawai ya zo a gyara masa.

Nohemi ta goge ƙarfen gadon sau huɗu,
ta goge labule, ta goge ma'aunin zafi,
har fatar yatsunta ta saɓule.
Na shafo auduga a inda ta goge.
Ga shi nan a faranti na sha biyu, ya tsiro.

'Yarsa Yuranis na kwance a baranda kan kwali.
Duk na wuce sai ta miƙe, ta ɗauka ni likita ce.
Ban taɓa gyara mata ba.

Na ɗauki jan biro na rubuta: ya bijire.
Na wanke hannu har gwiwa,
na sake wankewa.

Da asuba mai burodi ya buɗe tagarsa a tsallaken titi.
Ƙanshin ya haye matakala ya same ni.
Na tsaya jim.
Sannan na sauka na sayi biyu,
ɗaya nawa, ɗaya na Yuranis.